Idan Amurka da Rasha suka raba gari a sama, ina sauran ƙasashe za su dosa?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan sallar magariba na fitar da ɗalibaina filin ƙwallon makaranta, don na duba a waya na ga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa za ta gifta ta samanmu. Mun kai mu arba'in. Na ce musu kada su nemi abu mai ƙyafta wuta irin ta jirgin sama, su dai zuba ido ta yamma. Can sai ga ta ta ɓullo ta bayan bishiyoyin darbejiya, fara ƙal, ta fi kowane tauraro haske, tana tafiya a natse, ba ƙara ba hayaƙi. Yaran suka yi tsit. Kamar minti huɗu ta yi tana ratsawa, sannan ta dushe ta shige inuwar duniya.

Wani yaro ɗan aji biyu ya matso ya ce, "Malam, su wa ke ciki?" Na ce Amurkawa da Rashawa, galibi tare da wani daga Turai ko Japan. Ya ce, "To ba faɗa suke yi ba?" Da tambayar nan na kwana.

Tun ranar 2 ga Nuwamba 2000 da mutum uku na farko suka shiga, Ba'amurke ɗaya da Rashawa biyu, ba a taɓa yin kwana ɗaya tashar nan babu mutum a cikinta ba. Ƙasashe 15 ne suka haɗa hannu a kanta. Tana can sama da mu da kimanin kilomita 400, tana kewaya duniya cikin minti 90. An yi rikicin Jojiya a 2008, an yi na Kirimiya a 2014, an yi na Siriya, ga yaƙin Yukiren tun 2022, duk tana nan ana cin abinci a tebur ɗaya. Amma wa'adinta ya ƙarato. Rasha ta ce tana ciki zuwa 2028, Amurka ta ce zuwa 2030, kuma a 2024 NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta ba kamfanin ƙera roka na SpaceX kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 843 don ƙera kumbon da zai tunkuɗo ta ta faɗa tekun Fasifik. Kowa ya koma zana nasa gidan. Ni a ganina babbar asara ce ke tafe, kuma masu yin ta ba za su fi mu jin jiki ba. Me kuka gani?

Tanko:
Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, ni ban ga abin da ya shafe mu ba. Yau kwana uku unguwarmu babu wuta. In Amurka da Rasha sun ga dama su shirya, in sun ga dama su ɓata. Ba ɗanmu a ciki, ba kuɗinmu a ciki.

Malam Habu:
Malam Tanko, zan dawo kan wannan, don tambaya ce ta gaskiya. Amma bari mu ji ta bakin Baba Injiniya tukuna, shi ya zauna a can.

Baba Injiniya:
Ɗana Habu, Allah ya yi maka albarka da ka nuna wa yaran nan abin da idonsu. Ni a Mosko na yi karatu, kuma ina can Tarayyar Sobiyet ta rushe a ƙarshen 1991. Abin da zan faɗa maka shi ne, kada ka gaya wa yaron nan cewa ƙauna ce ta haɗa su. Larura ce.

Akwai wani malaminmu da ya taɓa aiki a masana'antar injinan roka. Mutum ne da in ya shigo aji kowa ke miƙewa. A lokacin sanyin 1992 na tare mota a bakin titi, ina buɗe ƙofa na gan shi a kan sitiyari, yana kabu-kabu da tsohuwar Lada ɗinsa. Ya gane ni, na gane shi. Har muka isa ba wanda ya ta da maganar. Da na miƙa kuɗi ya karɓa bai dube ni ba. Irinsa dubbai ne a lokacin, albashi ba ya sayen burodin wata. A wannan shekarar ne kuma ɗan sama jannati Sergei Krikalev ya sauko daga Mir, tashar sararin samaniyar Sobiyet: ya tashi a watan Mayun 1991 yana ɗan Sobiyet, ya dawo a Maris 1992 ya tarar ƙasar da ta tura shi babu ita, filin Baikonur da ya tashi daga ciki ma ya zama na Kazakistan.

Amurka ta ga haka ta tsorata. Mai iya ƙera rokar da ke kai mutum sama shi ne mai iya ƙera makami mai linzami, in yunwa ta kora shi Iran ko Koriya ta Arewa an shiga uku. Ita ma Amurkar a lokacin tata tashar ta ci biliyoyin dala a kan takarda ba a harba ko ƙusa ba. A watan Yunin 1993 aka kaɗa ƙuri'a a majalisar wakilansu kan a soke aikin, ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak, 216 da 215. To a shekarar ne Mataimakin Shugaban Amurka Al Gore da Firayim Ministan Rasha Chernomyrdin suka amince a shigo da Rasha. Rasha na neman kuɗi, Amurka na neman ƙwarewa da dalilin da zai faɗa wa majalisa. Ɗakin farko da aka harba ranar 20 ga Nuwamba 1998, sunansa Zarya, wato alfijir, a Rasha aka ƙera shi amma da kuɗin Amurka.

Cuɗe ni in cuɗe ka ne, ɗana. Ba aibi ba ne. Zumuncin da buƙata ta ɗaure ya fi na fatar baki ƙarko.

Ummi:
Baba, ranka ya daɗe, na ƙaru sosai. Ni ɗalibar injiniya ce, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka zuba wannan larurar a cikin ƙarfen tashar kansa. Ko a nisan nan akwai 'yar iska siririya da ke rage mata gudu, sai ta riƙa saukowa a hankali. Tura ta sama lokaci-lokaci, galibi injinan ɓangaren Rasha ne ke yi, da kumbon kaya na Progress. Shi kuma ɓangaren Amurka yana da manyan allunan da ke samar da lantarki daga hasken rana, da faya-fayai huɗu masu juyawa da ke riƙe mata daidaito ba tare da ƙona mai ba. Kowane ɓangare in an yanke shi daga ɗaya ba zai rayu yadda yake ba. Gidan gandu ne: rumbu na wajen wa, rijiya na wajen ƙane.

Amma Malam Habu, a nan zan saɓa maka. Ni ban ɗauki rabuwar a matsayin asara ba. Gasa ce ta kai Gagarin na Sobiyet, mutum na farko, sama a 1961, gasa ce ta kai Amurkawa duniyar wata a 1969. Shekara takwas ke nan tsakani. Tun da aka koma haɗin gwiwa fa? Fiye da shekara ashirin ana kewaya wuri ɗaya. Kuma dogaro da juna ya zama sandar duka. Da Amurka ta jingine kumbunanta masu fukafukai a Yulin 2011, ba ta da hanyar kai mutanenta sai ta sayi kujera a kumbon Soyuz na Rasha, farashi ya yi ta hawa har kujera ɗaya ta kai kusan dala miliyan 90. Sai ranar 30 ga Mayu 2020 da SpaceX ya ɗaga mutum biyu daga Fulorida aka samu hanya ta biyu. Tsoron Rasha ne ya hanzarta wannan.

Malam Habu:
Ummi, kin kawo hujja mai ƙarfi, ban musa ba. Amma ki tuna abin da ya faru ranar 1 ga Fabrairu 2003. Kumbon Amurka na Columbia ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka mutu, Amurka ta dakatar da tashi har zuwa Yulin 2005. Wa ya riƙa kai mutane da ruwa da abinci a shekara biyu da rabin nan? Rasha. Da ba ta ba, da an kulle tashar. Abin da kika kira sandar duka bayan 2011 shi ne igiyar ceto a 2003.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa, kuma kafin a ɗora wa Rasha laifi gaba ɗaya ina so a yi adalci. Wa ya fara rufe ƙofa? A 2011 majalisar Amurka ta kafa doka, wadda ake kira da sunan ɗan majalisa Frank Wolf, ta hana NASA yin aiki kai tsaye da Sin sai da izini na musamman. Sin ta riga ta tura mutum sama da rokarta tun Oktoban 2003, ita ce ƙasa ta uku da ta iya. Tashar da ake ce wa ta ƙasa da ƙasa, ɗan Sin ko ɗaya bai taɓa taka ta ba. Me suka yi? Suka gina tasu, Tiangong, suka harba ɗakin farko a Afrilun 2021, suka kammala a ƙarshen 2022. A 2024 suka ɗebo ƙasa daga bayan wata, abin da ba wanda ya taɓa yi.

Kuma batun buɗe wa ƙananan ƙasashe ƙofa, Sobiyet ce ta fara. Baƙar fata na farko da ya je sama ɗan Kuba ne, Arnaldo Tamayo Méndez, a 1980, shekara uku kafin Amurka ta tura nata. Sun ɗauki ɗan Biyetnam, sun ɗauki Muhammad Faris na Siriya a 1987, sun ɗauki ɗan Afganistan a 1988.

Baba Injiniya:
Gaskiya ka faɗa, ɗana. Sai dai ka lura da su wa aka ɗauka: 'yan ƙasashen da ke ɗasawa da Mosko. Kujerar tukuicin siyasa ce. Wannan zamanin ne Habu ke tsoron ya dawo.

Lauya Bashir:
Ɗan'uwa na Damagaram, na yarda dokar Wolf kuskure ce, ko aƙalla ta haifi abin da aka yi ta don a hana. Amma akwai abubuwan da ba su da kariya. Ranar 15 ga Nuwamba 2021 sojojin Rasha suka harba makami suka farfasa wani tsohon tauraron ɗan'adam nasu, Kosmos 1408. Ya tarwatse gida fiye da 1,500 waɗanda ake iya bibiya, ban da ƙanana. Mutum bakwai ne a tashar a daren, aka tashe su aka ce su shige kumbunansu su jira ko za a gudu. Biyu daga cikinsu Rashawa ne. Wato masu harbin ko 'yan ƙasarsu ba su duba ba.

Ɗan Damagaram:
Lauya, Sin ta yi irinsa a 2007, Amurka ta harbo nata a 2008, Indiya ta yi a 2019.

Lauya Bashir:
Haka ne, kuma duka laifi ne. Na Sin ma ya fi kowanne barin tarkace. Ai abin da nake nufi ke nan: gutsuren ƙarfe mai gudun kilomita bakwai da wani abu a daƙiƙa ɗaya ba ya tambayar fasfo.

Ta fuskar doka, akwai yarjejeniyar 1967 da ta ce sararin samaniya ba mallakin kowa ba ne, ta hana ajiye makaman nukiliya a can, ta kuma kira 'yan sama jannati jakadun bil'adama waɗanda wajibi ne a taimaka musu in sun shiga haɗari. An ƙara da ta ceto a 1968. Ku dubi shekarun, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ana yaƙin Biyetnam, amma suka zauna suka sa hannu. A Afrilun 2024 kuwa, Amurka da Japan suka kai ƙuduri Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya don a jaddada haramcin nukiliyar nan, Rasha ta hau kujerar na ƙi, Sin ta ƙaurace. Ko maimaita abin da aka riga aka amince da shi ya gagara.

Hajiya Maryam:
Ni ba masaniya ba ce, uwa ce. Lokacin da yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022 na bi labarin wani Ba'amurke, Mark Vande Hei, da ke tashar kuma a kumbon Rasha aka shirya zai dawo. Aka yi ta raɗe-raɗin za a bar shi a can. Na riƙa tuna matarsa da 'ya'yansa, yadda za su kwana suna jin irin wannan a labarai. Shugaban hukumar sararin samaniyar Rasha na lokacin, Dmitry Rogozin, yana ta rubuce-rubuce a intanet, har yana tambayar wa zai hana tashar faɗowa kan Amurka ko Turai ko Indiya ko Sin in aka ci gaba da takunkumi. Babban mutum da rayukan 'ya'yan mutane a hannunsa bai kamata ya yi irin wannan magana ba, ko da fushi yake.

Ranar 30 ga Maris aka sauke shi lafiya a dajin Kazakistan tare da Rashawa biyu, bayan kwana 355 a sama. Na ga hotonsa, an ɗauko shi an zaunar a kujera an lulluɓe shi da bargo, don ƙafafunsa ba za su iya ɗaukarsa ba. Ma'aikatan Rasha ne suka ciro shi daga kumbon. Wallahi sai da na yi hawaye.

Baba Injiniya:
Hajiya, Rogozin ɗin nan ya daɗe yana haka. A 2014, yana mataimakin firayim minista, da aka sa masa takunkumi kan Kirimiya, ya ce Amurka ta koma cilla mutanenta sama da shimfiɗar robar nan da yara ke tsalle a kai. A 2022 da ya hana sayar musu da injinan roka ya ce su hau tsintsiya. Amma ku lura da wannan: ranar 15 ga Yulin 2022 aka sauke shi daga muƙaminsa, a ranar ce kuma aka sanar da yarjejeniyar musayar kujeru, Ba'amurke ya hau Soyuz, ɗan Rasha ya hau kumbon Amurka, ba wanda ke biyan wani. Dalilin kuwa shi ne a tabbatar ko da yaushe akwai aƙalla mutum ɗaya daga kowane ɓangare a tashar, don Ba'amurke ba zai iya tafiyar da injinan Rasha shi kaɗai ba, haka ɗan Rasha. A watan Oktoba Anna Kikina, 'yar Rasha, ta tashi daga Fulorida, ana tsaka da yaƙi. Injiniyoyin NASA da ke Hustan da na Mosko ba su taɓa ajiye waya ba. Shugabanni ne ke hayaniya.

Ummi:
To Baba, ai wannan hujjata ce. In har sun iya riƙe zumunci a 2022, me zai tsinka shi?

Malam Habu:
Abin da zai tsinka shi, Ummi, rashin buƙata ne. Ki duba duk inda babu rai a ciki, an riga an yanke. A Maris 2022 hukumar sararin samaniyar Turai ta dakatar da aikin ExoMars, motar binciken da aka shirya harbawa duniyar Mars a shekarar da rokar Rasha. Rasha ta janye ma'aikatanta daga filin harba roka na Kuru a Giyanar Faransa. Taurarin kamfanin OneWeb guda 36 suka maƙale a Baikonur. Duk wannan cikin 'yan makonni. Tashar ce kawai ta tsira, don ba yadda za a raba ta ba a kashe mutum ba. Ran da ta faɗa teku, wannan dalilin ya bi ta.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. A Disambar 2022 kumbon Soyuz da ke jone da tashar ya huje, ruwan sanyaya shi ya tsiyaye. Mutum uku ne za su dawo a cikinsa, Rashawa biyu da Ba'amurke Frank Rubio. Aka turo musu wani fanko a watan Fabrairu, kafin ya iso kuma aka shirya in ta ɓaci Rubio ya sauka a kumbon Amurka don a rage zafi a cikin lalataccen. Tafiyar wata shida ta zama kwana 371. A 2024 kumbon Boeing ya ba da matsala, mutum biyu da suka je don kwana takwas suka yi wata tara. Ba wanda ya rasa ransa, domin akwai ƙofa fiye da ɗaya, akwai abinci, akwai maƙwabci.

Yanzu ki ɗauko Tiangong. Ita da wannan tashar ba a hanya ɗaya suke kewaya duniya ba, ɗaya karkatarta digiri 51.6, ɗaya kimanin 41.5. Babu kumbon da ke ɗauke da man da zai tsallaka daga wannan zuwa waccan. Ba su taɓa atisayen ceto tare ba, doka ma ta hana su zama su tsara shi. In gobara ta tashi a gidan wani, ɗayan sai dai ya kalla.

Baba Injiniya:
Habu, ka tuna mini. Dalilin farko na haɗuwar kumbon Apollo na Amurka da Soyuz na Sobiyet a sama a Yulin 1975 har da wannan: a samu bakin ƙofa iri ɗaya da kumbon kowa zai iya kamawa. Ranar 17 ga wata Alexei Leonov na Sobiyet da Thomas Stafford na Amurka suka gaisa a ƙofar. Mutanen nan biyu suka zama aminai har mutuwa. Stafford ya ɗauki yara biyu 'yan Rasha ya riƙe a gidansa, kuma da Leonov ya rasu a Oktoban 2019, tsoho tukuf ya taso daga Amurka ya halarci jana'izarsa. Amma amincinsu bai hana gwamnatoci juya wa juna baya ba. Sobiyet ta shiga Afganistan a 1979, al'amura suka dagule, sai a Yunin 1995 kumbon Amurka ya sake jonuwa da na Rasha. Shekara 20 cur. In aka bari ta yanke, ɗinkin ba na kwana ɗaya ba ne, don mutanen da suka san juna, suka iya harshen juna, ritaya suke yi su mutu.

Tanko:
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma Malam har yanzu ba ka amsa mini ba.

Malam Habu:
Ga ta, Malam Tanko. Ka ce ba kuɗinmu a ciki. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, rokar Rasha ce ta ɗaga shi daga filin Plesetsk na Rasha a Satumbar 2003. Na sadarwa, NigComSat-1, Sin ce ta ƙera ta harba a 2007, ya lalace a 2008, ta maye mana gurbinsa a Disambar 2011. Sannan a Disambar 2022, a taron shugabannin Afirka da Amurka a Washington, Najeriya da Ruwanda suka zama na farko a Afirka da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, tsarin da Amurka ke jagoranta na komawa wata. A ɗaya gefen Sin da Rasha sun ƙulla nasu shirin na tashar bincike a wata tun 2021, Afirka ta Kudu da Masar sun shiga. Mu da muka saba cin kasuwa a rumfa uku, in aka ja layi aka ce zaɓi ɗaya, wacce za mu bari?

Ɗan Damagaram:
A nan kam na yarda da kai, Malam. Mu ma a 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun ƙulla da Rasha kan taurarin sadarwa da na sa ido. Kowa ya san ba kimiyya kaɗai ta kawo zaɓin ba. Kuma a 2025 Pakistan ta sa hannu da Sin don a horar da ɗan ƙasarta ya je Tiangong. Su kuwa Turawa, da 'yan sama jannatinsu biyu suka yi atisaye da na Sin a teku a 2017, a farkon 2023 shugaban hukumarsu ya ce ba kuɗi kuma ba amincewar 'yan siyasa, an fasa zuwa Tiangong.

Hajiya Maryam:
Malam Habu, wani abu zan ƙara don yaranka. A Oktoban 2007 wani likita ɗan Maleshiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar nan a ƙarshen Ramadan. Malaman ƙasarsu suka zauna suka rubuta masa yadda zai yi salla da azumi a wurin da rana ke fitowa sau 16 a yini. Hazza Al Mansuri na Daular Larabawa ya je da kumbon Rasha a 2019, ɗan ƙasarsu Sultan Al Neyadi ya je da na Amurka a 2023 ya yi wata shida. Ƙasa ɗaya, ta shiga ta ƙofa biyu, ba wanda ya ce mata ta ci amana. Ina so jikata ta taso ta tarar ana iya haka.

Ummi:
Hajiya, amin. Amma ni har yanzu ina ganin tashoshin kamfanoni da ake shirin ginawa za su iya sauƙaƙa farashi, mai kuɗi ya sayi kujera ba sai ya roƙi wata gwamnati ba.

Lauya Bashir:
Ƙanwata, kamfanin da ke da rajista a Amurka yana ƙarƙashin dokokin Amurka na fitar da fasahar roka, kuma dokokin nan masu tsauri ne ƙwarai. Gwamnati ce za ta ce wa zai hau, wa ba zai hau ba. Ranar da ƙasarki ta shiga jerin takunkumi, kuɗinki ba zai saya miki kujera ba.

Ummi:
Wannan kam ban yi tunaninsa ba, Yaya Bashir. Zan karanta a kai. Amma batun gasa ban sauka ba tukuna.

Tanko:
Malam Habu, to me za ka ce wa yaron?

Malam Habu:
Gobe ina da ajinsu. Zan gaya masa e, gwamnatocinsu na faɗa, kuma mutane na mutuwa a Yukiren, ba zan ɓoye masa wannan ba. Zan gaya masa kowane Ba'amurke da ke cikin hasken nan da ya gani sai da ya koyi Rashanci ya yi horo a kusa da Mosko, kowane ɗan Rasha kuma sai da ya je Hustan. Zan ba shi labarin malamin Baba Injiniya in Baba ya yarda. Sannan zan nuna musu Tiangong, don ita ma ana ganinta da ido daga nan, ba ta kai waccan haske ba amma tana fita sarai. Na duba, akwai daren da za su wuce a tsakanin sa'a ɗaya cikin makon nan.

Baba Injiniya:
Na yarda, ɗana, ka ba shi. Ka turo mana ranar da lokacin a nan. Jikokina na gida, zan sa su fitar mini da kujera tsakar gida.

Tanko:
Ni ma a turo. In wutar ba ta dawo ba ma sararin ya fi fita.